Ta ina za a fara neman asalin kakan da ya baro Holan zuwa Amurka?

Saƙonki ya iso, 'yar'uwa. Kin ce kina aure a jihar Michigan, maigidanki Ba'amurke ne, kuma yaranku sun fara tambayar asalin dangin ubansu. Abin da dangin suka riƙe shi ne, kakansu na farko a ƙasar ya baro Holan wajen 1850 don gudun tsangwamar addini, ya sauka a Ellis Island, tsibirin da aka riƙa tantance baƙi a New York, inda jami'ai suka sauya masa suna, kuma tunda sunan gidan ya fara da "Van", ana kyautata zaton jinin sarauta ne. A hannunku akwai tsohon Littafi Mai Tsarki da harshen Holan, da hoton dutsen kabari mai cewa an haife shi a 1821. Kina so ki san ta ina za ki kama.

Na daɗe ina aiki da irin waɗannan takardu, kuma zan faɗa miki tun da wuri cewa aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu guda: sunan ƙauyen da aka haife shi. Holan na cikin ƙasashen da suka fi kowa adana takardun talakawansu, amma sun adana su gari-gari ne. Idan kin san ƙauyen, a zama ɗaya kina iya ganin ranar haihuwarsa har da awa nawa aka haife shi. Idan ba ki san shi ba, za ki tarar da maza barjat masu suna iri ɗaya da shekarar haihuwa ɗaya, ki ɗauko wanda ba naku ba, ki jingina wa yaranki dangin wasu. Saboda haka kada ki yi gaggawar tsallaka teku. Farkon aikin a Amurka yake.

Kafin nan, bari mu tace labarin gida, ba don raina tsofaffin da suka riƙe shi ba.

Batun Ellis Island ba zai tsaya ba. Sai a 1892 aka buɗe wurin. Kafin shi akwai Castle Garden, wanda ya karɓi baƙi a New York daga 1855 zuwa 1890, kuma wanda ya zo kafin 1855 sauka kawai ya yi a bakin tashar jiragen. Sunan kuma ba jami'i ne ya sauya ba. Mutanen da kansu suka riƙa sassauta sunayensu don bakin maƙwabta: Jan ya koma John, Hendrik ya koma Henry, Klaas ya koma Nick, Grietje ta koma Margaret ko Grace. "Van der" da ake rubutawa a rarrabe sai ya manne da sauran sunan. Shi kuwa "Van", ma'anarsa "daga", kuma leburori da masunta da masaƙa duk suna da shi. A Holan ma ba a lissafa shi wajen jera sunaye bisa haruffa, don haka idan kina nema a shafukansu na intanet, ki sa jigon sunan a gurbinsa, ki sa "van" a ɗan gurbin da aka ware masa.

Ki kuma tabbatar mutumin ɗan Holan ɗin ne. A Amurka ta wancan zamani an sha kiran Jamusawa da sunan da ake kiran 'yan Holan, wato "Dutch", kuma cikin waɗanda suka zauna a yammacin Michigan akwai mutanen Bentheim, waɗanda addininsu da karin harshensu suka yi kusa da na Holan amma ƙasarsu tana cikin Jamus ta yau. Su ne suka kafa ƙauyen Graafschap kusa da garin Holland na jihar Michigan. In kakan naku daga cikinsu yake, to, takardunsa suna wancan gefen iyaka.

Batun addini shi ne ya fi ƙamshin gaskiya. A 1816 Sarki Willem na Ɗaya ya sa babban cocin ƙasar ƙarƙashin wani tsari da ya ba gwamnati ikon juya al'amuransa. Talakawa masu riƙo da tsohuwar aƙida suka ga an sassauta koyarwa. A 1834 wani fasto, Hendrik de Cock, ya ɓalle tare da mabiyansa a ƙauyen Ulrum na lardin Groningen, ɓallewar kuma ta bazu. Hukuma ta ɗauko wata doka tun ta zamanin mulkin Faransa, wadda ta hana taron da ya wuce mutum 20 ba da izini ba, ta yi ta cin tarar su, ta ɗaure fastoci, ta sauke sojoji a gidajensu su ci su sha a kan kuɗin mai gida. Bayan 1840 matsin hukuma ya lafa, amma ƙyamar maƙwabta da masu ɗaukar aiki ba ta lafa ba. Ana cikin haka sai cutar dankalin Turawa ta afka wa gonaki a 1845 da 1846, alhali dankali shi ne cimar talaka.

Daga nan tafiya ta kankama. Fasto Albertus van Raalte ya tashi daga Rotterdam a kakar 1846 cikin jirgin Southerner, jama'arsa suka yi hunturu a wajejen Detroit, a Fabrairun 1847 kuma 'yan gaba suka isa dajin da ya zama garin Holland. A shekarar ce Fasto Hendrik Scholte ya kai kimanin mutum 800 jihar Iowa suka kafa Pella. Mabiya Katolika daga lardin Brabant ta Arewa suka bi Fada Theodorus van den Broek zuwa Little Chute a Wisconsin a 1848.

Sai dai kada ki ɗauka duk wanda ya tafi gudun tsangwama ya yi. Idan aka duba ƙarnin gaba ɗaya, 'yan babban cocin da ba su ɓalle ba sun fi yawa cikin masu hijira, kuma dalilin da aka fi rubutawa a gaban sunayensu shi ne neman kyautatuwar rayuwa. Lebura a gonakin laka na Zeeland ko Groningen ya san zai mutu bai mallaki taki ɗaya na ƙasa ba, ga kuma wasiƙa daga ɗan'uwa a Michigan yana cewa yana da gonarsa kuma yana cin nama kullum. A ganina, jikoki sun fi son labarin addini ne don ya fi daɗin faɗa. Amma mutumin da ya tsallaka teku don 'ya'yansa su ƙoshi bai yi abin kunya ba, kuma sau da yawa dalilan biyu a zuciya ɗaya suke.

Yanzu ga inda ake farautar sunan ƙauyen.

Ki fara da Littafin da ke hannunku. Ki duba shafukan farko da na ƙarshe da waɗanda ke tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo, nan aka saba rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ki ɗauki hoton kowane rubutu, ko da ba ki iya karantawa. Wata kalma da kike gani kamar sunan mutum tana iya zama sunan gari.

Sannan ki lura da inda ya fara zama, don wannan shaida ce mai ƙarfi da mutane ke wucewa ta kanta. 'Yan Holan ba su watsu barkatai ba, kowa ya nemi mutanen garinsu. Sunayen ƙauyukan da ke kewaye da Holland ma sun faɗa: Zeeland, wanda Jannes van de Luijster da Fasto Cornelius van der Meulen suka jagoranci kafawa a 1847, da Vriesland, da Drenthe, da Overisel, da Groningen, duk sunayen lardunan gida ne. Mutanen Winterswijk da Aalten na gabashin Gelderland sun taru a yankin Sheboygan a Wisconsin. Don haka idan kin same shi a takardar ƙidaya ta 1850 ko 1860, kada ki tsaya a layinsa. Ki karanta gidajen da ke sama da ƙasa da nasa. Takardar za ta ce an haife shi a "Holland" kawai, wato ƙasar Holan ba tare da sunan gari ba, amma cikin maƙwabta goma akwai wanda jikokinsa suka riga suka gano garinsu, kuma ba mamaki garin ɗaya ne. Ƙidayar 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane mai 'yanci a gida. Ta 1890 kusan duka ta salwanta sakamakon gobarar 1921, kada ki ɓata lokaci a kanta. Ta 1900 ta tambayi shekarar shigowa ƙasar, wadda za ta amfane ki in shi ko 'ya'yan da ya zo da su sun kai lokacin.

Wurin da na fi sa rai shi ne coci. Wanda zai bar Holan yakan karɓi takardar shaidar zama ɗan coci daga ikilisiyarsa, ya miƙa ta a sabuwar, magatakarda kuma ya rubuta daga ina ta fito. Ki gano wane coci ya bi, don a 1857 jama'ar ta sake rabuwa biyu. Waɗanda suka tsaya cikin Reformed Church, takardunsu sun fi yawa a gidan adana tarihi na Kwalejin Hope a garin Holland. Waɗanda suka fita suka kafa Christian Reformed Church, nasu suna Heritage Hall a Jami'ar Calvin, Grand Rapids. Duka biyun suna kusa da ke. Ki tafi da ƙafarki, ki kuma tambayi jaridun harshen Holan da aka buga a Michigan, irin su De Grondwet da De Hope da De Wachter, don sanarwar rasuwar dattijo takan ambaci garin haihuwarsa. In an ce miki wani kundi babu shi, ki tuna cewa gobara ta cinye mafi yawan garin Holland a Oktoban 1871.

Takardar jirgi da ta zama ɗan ƙasa su ne mutane suka fi ɗoki a kai, su ne kuma suka fi ba da takaici. Tun 1820 ake ajiye jerin fasinjoji, amma abin da ke cikin na tsakiyar ƙarnin bai wuce irin su suna da shekaru da sana'a da ƙasa ba, kuma akawun jirgi yakan rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Takardar zama ɗan ƙasa kafin 1906 kowace kotu na iya bayarwa, kuma yawanci abin da ke ciki shi ne ya yi watsi da mubaya'arsa ga Sarkin Holan. Idan yana da ɗa da ya shiga yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, fayil ɗin fanshon sojan ya fi su duka amfani.

Akwai kuma gajeriyar hanya. Hukumomin lardunan Holan sun riƙa tattara sunayen masu barin ƙasa shekara-shekara daga ƙarshen shekarun 1840 zuwa 1877, jerin da ake kira staten van landverhuizers. Layi ɗaya ne ga kowane magidanci, amma dubi abin da ke cikinsa: ƙaramar hukumar da ya baro, sana'arsa, shekarunsa, cocinsa, ko da mata ya tafi, yara nawa, ko mai hali ne ko mai ƙaramin ƙarfi ko mabuƙaci, dalilin tafiya, da inda ya nufa. Masanin tarihi Robert Swierenga ya tattara waɗannan sunaye, ya kuma gwama su da na jiragen ruwa da na ƙidayar Amurka. Ɗakunan karatun da na ambata suna da aikinsa. Ba kowa ne ya shiga jerin ba, musamman saurayin da ya sulale don gudun aikin soja, amma in kakanku na ciki, a layin nan za ki ga ko ɗan ɓallewa ne ko a'a, kuma gardamar gida ta ƙare.

To, a ce kin samu ƙauyen. Nan ne daɗin aikin yake.

Kakanku ya yi dace da aka haife shi a 1821, shekara goma bayan fara rajistar hukuma. Faransawa ne suka kawo ta a 1811 lokacin da Holan ke ƙarƙashin Napoleon, a wasu sassan kudu ma tun 1796. Ana kiranta burgerlijke stand, ana kuma rubuta kowane kundi kwafi biyu, ɗaya a gari ɗaya a kotu, shi ya sa kaɗan ne suka ɓace. Takardun haihuwa a buɗe suke ga kowa bayan shekara 100, na aure bayan 75, na mutuwa bayan 50. Shafukan WieWasWie da Open Archieven sun haɗa ƙasar duka, larduna kuma suna da nasu, kamar AlleFriezen da AlleGroningers da Zeeuws Archief, kuma hotunan ainihin takardun da yawa kyauta ne.

Idan ya yi aure kafin ya taso, ki nemi takardar auren kafin komai. A shafi ɗaya za ki ga sunan ango da amarya, shekarunsu, inda aka haifi kowanne, sana'arsu, cikakken sunan iyaye huɗu da ko suna raye, sai shaidu huɗu da dangantakarsu da ma'auratan. A ƙasa akwai sa hannu. Wani hannun a miƙe yake, wani yana karkarwa, wani wurin kuma magatakarda ya rubuta cewa amarya ta ce ba ta koyi rubutu ba. Ki nuna wa yara wannan, rubutun kakansu ne da hannunsa.

Kada ki tsaya nan. Kowane aure yana da ƙunshin takardun da ma'aurata suka gabatar, huwelijksbijlagen, kuma mutane da yawa ba su san da su ba. Ciki akwai kwafin takardar haihuwa, da ta mutuwar iyaye in sun rasu, wani lokaci har ta kakanni, da shaidar rashin hali in ba su iya biyan kuɗin rajista ba. Akwai kuma takardar aikin soja, don kowane saurayi sai ya shiga ƙuri'ar ɗaukar soja, mai kuɗi ne kaɗai ke iya biyan wani ya tafi a madadinsa. A zamanin kakanku wannan takarda takan zo da siffar mutum: tsayinsa da ma'aunin el da palm da duim da streep, wato mita da kashi ɗaya cikin goma nata da santimita da milimita, sai fasalin fuska, goshi, launin ido, hanci, baki, haɓa, gashi, gira, da wata alama ta daban kamar tabo ko zanen agana. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara yana saurayi ba, ga kamanninsa a rubuce.

Daga 1850 kuma akwai rajistar mazauna, bevolkingsregister, wadda ke bin kowane gida. In bayan wannan shekara ya tashi, za ki ga an ja layi a kan sunayen iyalin, an rubuta ranar tafiya da "Noord-Amerika" a gefe. Ki leƙa Delpher, rumbun tsofaffin jaridun Holan, don masu ɗan abin hannu sukan yi tallar gwanjon shanu da kayan ɗaki saboda tafiya Amurka, kuma magatakardan shari'a na garin yakan ajiye lissafin abin da aka sayar.

Inda nake so ki taka a hankali shi ne sunaye. Mace a takardun Holan da sunan gidan ubanta take har ta mutu, don haka kada ki neme ta da sunan miji. Ana raɗa wa yara sunayen kakanni bi da bi, yawanci ɗan fari namiji ya ci sunan kakansa na wajen uba, kuma idan yaro ya rasu akan mayar da sunansa ga wanda aka haifa bayansa. Sakamakon haka, a ƙauye ɗaya sai ki ga 'ya'yan wa da ƙane uku da suna ɗaya, haihuwarsu kusa da juna. Kada ki karɓi kowa sai abu biyu ko uku sun dace: ranar haihuwa, sunan mata, sunayen yara, da kuma ɓacewarsa daga takardun garin a daidai lokacin da naku ya bayyana a Michigan. In kin tarar da takardar mutuwar mutumin a Holan a 1880, ba naku ba ne, komai kyan dacewar sauran. Shekarar da ke kan dutsen kabari ma tana iya kuskurewa da ɗaya ko biyu, don masu makoki ne suka ba da ita. Jerin zuriyar da wasu suka ɗora a intanet kuwa, ki ɗauke shi a matsayin jita-jita har sai kin ga hoton takardar da idonki.

Idan kin wuce 1811 a baya, sai kundayen baftisma da aure da jana'iza na coci, kuma nan ƙasa ke sauyawa. A Friesland da Groningen mutane da yawa ba su da sunan gida, sai sunan uba, kamar yadda muke cewa Musa Garba, ɗansa kuma Sani Musa. Dokar Napoleon ta 18 ga Agusta 1811 ce ta tilasta wa kowa ya ɗauki tsayayyen suna, kuma kundayen da aka rubuta zaɓin a ciki suna nan a wurare da yawa, har da sunayen 'ya'ya da shekarunsu. A gabashin Gelderland da Twente kuwa, sunan gona ake kiran mutum da shi, in ya auri magajiyar wata gona ya koma can sai sunansa ya koma na gonar. In Zeeland ne asalinku, ki shirya wa giɓi, don tsofaffin kundaye da yawa sun ƙone lokacin da aka yi wa Middelburg, babban birnin lardin, ruwan wuta a Mayun 1940.

Yaran za su tambaye ki yadda tafiyar ta kasance. Jirgi mai tafiya da iska yakan yi sati biyar zuwa takwas a teku, talakawa a cunkushe a ƙasan jirgi. Daga New York sai kogin Hudson zuwa Albany, sai mashigin Erie da aka haƙa zuwa Buffalo, sai manyan tafkuna. A 21 ga Nuwamba 1847 jirgin Phoenix ya kama da wuta a tafkin Michigan daf da Sheboygan, mutum wajen 200 suka halaka, akasarinsu 'yan Holan da suka kusa isa. Waɗanda suka isa Holland a shekarar farko sun tarar da ƙungurmin daji da fadama, zazzaɓin cizon sauro da atini da agana suka kwashe da yawa, musamman yara. In kin ga an bar Holan da yara biyar amma ƙidayar 1850 ta nuna uku, ki nemi sunayen biyun nan a takardun haihuwa na ƙauyen, ki sa su cikin jerin zuriya.

Ki kuma faɗa musu cewa dajin ba kango ba ne. Akwai ƙabilar Ottawa, 'yan asalin ƙasar, da ke zaune a bakin tafkin suna noma masara suna tatsar sukari daga itatuwa. Zuwan baƙi da dabbobinsu da cututtukansu ya matsa musu, a 1849 suka tattara suka koma arewa, yankin Northport. In kakanku ya sayi gonarsa kai tsaye daga gwamnati, takardar mallakar tana cikin kundin ofishin filaye na tarayya a intanet, da lambobin da za su kai ku har kan filin. Ku je da yaran, sannan ki aiko mini da hoton rubutun da ke cikin Littafin nan in duba ko akwai sunan gari a ciki.